Tsohon jirgin ƙasan da muka tarar a daji tsakanin Madina da Al-Ula, wa ya san labarinsa?

Abban_Hanifa

Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah tambaya gareni ga masana tarihi na zauren nan da kuma mutanenmu mazauna Saudiyya, abin ya tsaya min a rai tun da muka dawo.

Hutun makarantar yaran nan da ya wuce muka je umara ni da iyali, muka gama da Makka muka hau jirgin ƙasan nan mai shegen gudu zuwa Madina, awa biyu da ɗan wani abu, ko gyangyaɗin kirki ban yi ba naji ance mun iso. To a Madina muna da ragowar kwana huɗu, sai wani abokina da muka yi firamare tare, yanzu tuƙi yake acan, yace tunda yara sun gaji da zaman otal bari ya kaimu Al-Ula su ga duwatsu. Mun fita bayan asuba, mun yi tafiyar awa ɗaya da wani abu sai naga ya sauka daga kwalta yace akwai abinda zai nuna mana. Jama'a sai ga jirgin ƙasa a tsakiyar daji. Wlh ba wasa ba, kan jirgi irin na da mai hayaƙi, ga taragai jere a bayansa katakon jikinsu ya zube sai ƙarafuna, tsatsa ta maida shi ja kalar ƙasar wurin. A gefe ga gine-ginen dutse masu kaurin bango, ɗaya kamar gidan yari da 'yan mitsi-mitsin tagogi, da wani dogo da yace na ajiye ruwa ne. An kewaye wurin da waya don haka ta waje muka leƙa muka ɗau hotuna. Abinda ya fi ɗaure min kai shine layin dogon kansa, kana barin tashar babu shi gaba babu shi baya, sai tudun da aka shimfiɗa shi akai kana hangensa ya miƙe ɗoɗar ya shige cikin duwatsu. Sunan wurin Buwair inji abokin nawa, yace na Turkawa ne, iya saninsa kenan. Da muka isa can wajen Mada'in Saleh ma mun ga wata tashar wadda ta fi wannan girma, ita an gyara ta fes.

Hanifa ce ta tsare ni da tambaya, wai Abba ina jirgin nan zashi aka barshi anan, nace mata Makka zashi, don dai ta ƙyale ni, alhali nima ban sani ba.

Dalilin da yasa abin ya dame ni kuwa, kakana na wajen uba a ƙasa ya tafi hajji, zamanin Sarki Alhaji na Kano bayan an gama yaƙin Hitila, shekara bakwai yayi kafin ya dawo har an fidda rai dashi. A gidanmu tun muna yara ake faɗa mana wai a hanya ya hau jirgin ƙasa kwana da kwanaki cikin sahara, shine karonsa na farko kuma na ƙarshe. To da naga wannan sai gabana ya faɗi nace kardai shine. Wa ya gina shi? Me yasa aka watsar dashi haka? Kuma zai yiwu shi kakan namu ya hau?

DanJami'a_Madina

Wslm Alhaji, ai da ka yi magana kana nan da mun haɗu. Abin dariyar shine ka yi tafiyar awa guda cikin daji ka ga wutsiya alhali kan yana nan kusa da otal ɗinka. Babbar tashar ƙarshe ta wannan layin tana cikin Madina, unguwar Anbariyya, daga Harami da ƙafa ma zaka je in rana bata yi zafi ba. Zaka ga wani masallaci na baƙin dutse mai hasumiya biyu sirara irin na Turkiyya, to tashar tana daura dashi, tsofaffin Madina Istasiyon suke ce mata. An maida ita gidan tarihi, akwai kawunan jirgi da taragai da aka gyara. A cikin harabar kuma akwai wani ɗan ƙaramin masallaci, Masjidus Suƙya, wurin da ake cewa Manzon Allah SAW ya tsaya a hanyarsa ta fita Badar. Mutanenmu motar ziyara tana wucewa dasu ta wajen kullum zuwa Ƙuba da Ƙiblataini babu mai nuna musu. Sai dai in zaka je ka tambaya tukuna don ba kullum yake buɗe ba, ni sau biyu ina zuwa ina tarar dashi a garƙame.

Akwai labarin da masu yawo da baƙi Turkawa suke bayarwa, wai da aikin ya kusa Madina sarkin yasa an shimfiɗa wani abu mai laushi ƙarƙashin dogon don kar ƙarar jirgi ta yi yawa kusa da kabarin Annabi. Kullum sai na ji shi in na bi ta wurin, har wasu na hawaye. Labari ne na baka, yadda naji haka na baka.

Malam_Sidi_Tarihi

Alhaji Abban Hanifa, ka je ka gyara wa 'yarka amsa, jirgin nan bai taɓa zuwa Makka ba. Niyyar kenan amma a Madina ya tsaya.

Sunansa layin dogon Hijaz. Sultan Abdulhamid na biyu ne ya sa aka yi, sarkin Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa ba tamu ta Sakkwato ba, wanda kakanninmu suke kira Sarkin Santambul. An fara aiki 1900 daga Dimashƙa, aka iso Madina 1908, tsawonsa kilomita 1,300 da 'yan kai. Kafin nan ayarin alhazan Sham kusan kwana arba'in yake yi a bayan raƙumi kafin ya ga Madina, ga ƙishirwa ga annoba ga masu tare hanya, jirgi ya maida abin 'yan kwanaki da basu kai mako ba. Amma kar a ɗauka don alhazai kawai aka yi, akwai siyasa a ciki tsundum. Daular ta tsufa, Turawa sun kewaye ta, Ingila na riƙe da Masar da mashigin Suwez, wato duk sojan da Santambul zata tura Hijaz ko Yaman ta ruwa sai ya bi ta hannun Bature. Sarkin yana son hanyar tudu tasa ta kansa.

Abinda ya fi burge ni a labarin shine kuɗin. Sauran layukan dogo na daular kamfanonin Turawa ne suka yi su da bashi, wannan kuwa aka ce a'a, aikin musulmi ne, aka yi shelar taimako. Sarkin da kansa ya fara zubawa, musulmin Indiya suka tara, na Masar da sauran wurare suka aiko, ana ba wanda ya bada mai tsoka lambar girma. Amma fa taimakon bai isa ba, sai da aka haɗa da yankar albashin ma'aikata da wasu kan sarki na musamman da dole ka saya in zaka yi takarda a ofis. Irin taimakon nan na dole da muka sani. Leburorin kuma yawanci sojoji ne, dubbai, su suka fasa dutse suka yi gadoji cikin wannan ranar da ka ɗanɗana ta cikin mota mai sanyi. Babban injiniyan Bajamushe ne, Meissner, amma da yake ba musulmi bane bai ƙarasa ba, daga wajajen Al-Ula zuwa Madina injiniyoyi musulmi ne suka kammala.

Ginin da ka ce kamar gidan yari, barikin tsaro ne, tagogin nan na bakin bindiga ne. Kusan duk bayan kilomita ashirin akwai tasha, ba don akwai gari ba, don a samu masu gadin layin da kuma ruwa, tunda jirgi mai tururi in babu ruwa gawa ne. Wasu tashoshin ma babu rijiya sam, a tarago ake kawo musu ruwan sha. Gadin kuwa dole ne saboda ƙabilun Larabawan ƙauye da suke cin abinci da hayar raƙuma da kuɗin da ake biyansu don ayari ya wuce lafiya, jirgi zai kashe musu kasuwa, ina zasu yarda. Su da Sharif Husaini na Makka, wanda shima baya son abinda zai kawo masa sojan Turkiyya ƙofar gida cikin kwana kaɗan, su suka hana a ƙarasa ragowar kamar kilomita ɗari huɗu zuwa Makka. Ga shi shi kansa mai aikin, Sultan Abdulhamid, an sauke shi daga mulki 1909.

Shekara takwas kacal jirgin yayi yana aiki cikin kwanciyar hankali. 1916 ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye da goyon bayan Ingila, aka shiga dasa wa layin nakiya, ana fasa gadoji ana kifar da jirage. Sunan wani hafsan Ingila, Lawrence, ne ya fi fitowa amma ba shi kaɗai bane, akwai wasu hafsoshin Ingila da Faransa, kuma yawancin masu harin Larabawa ne. Dabararsu ma ba wai su kashe layin gaba ɗaya bane, so suke ya dinga numfashi sama-sama, a fasa yau Turkawa su gyara gobe, sojojinsu dubbai su ƙare a gadi da gyara maimakon su tafi fagen daga. A Madina kwamandan Turkawa Fakhri Pasha ya kafe yaƙi miƙa gari, ta wannan jirgin ya kwashe kayan tarihi masu daraja na masallacin Annabi ya aika Santambul, suna can har gobe a fadar Topkapi, ta cikinsa kuma aka fitar da mutanen gari da yawa zuwa Sham. Da abinci ya ƙare sojojinsa fara suka koma ci, littattafai suna kawo wannan a matsayin ƙarshen wahala, ni kuwa duk sanda na karanta sai in ce da sun samu yaji da ɗan mai ai da basu koka ba. An tsagaita wuta Oktoba 1918, shi bai fita daga Madina ba sai Janairu 1919.

Bayan yaƙi layi ɗaya ya zama na ƙasashe barkatai, Faransa na Siriya, Ingila na Falasɗinu da Jodan, kudu kuma ya faɗa hannun Sarki Abdul'aziz na Saudiyya. An ɗan lallaɓa shi farkon shekarun 1920, daga nan ɓangaren Madina yayi shiru. Shekarun 1960 Saudiyya da Jodan da Siriya sun haɗa kai sun fara gyara, ga yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ga kwalta ga jirgin sama, aka sake watsarwa. Dogon da baka gani ba kuwa kwashe shi aka yi a hankali, wani ya tafi rufin ɗaki wani shingen gona.

Don haka maganar kakanka, in dai bayan yaƙin Hitila ya tafi, wato 1945 zuwa sama, to ya tarar da wannan jirgin ya shekara ashirin da mutuwa. Kuma ko da ransa ma ba hanyarmu bace, shi daga arewa yake gangarowa, mu kuwa ta Jidda muke shiga.

Abu_Huzaifa

Assalamu alaikum. Ba don in ɓata hira ba, amma Alhaji naji ka ambaci Mada'in Saleh kuma da yara. Wurin nan shine Hijir da Alƙur'ani ya ambata, har sura guda ke da sunan, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu AS. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da Manzon Allah SAW ya bi ta wurin a tafiyar Tabuka ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai mutum yana kuka, ya lulluɓe kansa ya sa abin hawansa sauri har ya wuce kwarin, ruwan da sahabbai suka ɗiba ma yace a zubar, ƙullin da aka kwaɓa dashi a ba raƙuma. To yanzu an maida wurin na shaƙatawa ana hotuna ana dariya. Ni dai shawarata duk wanda zai je ya tambayi malaminsa tukuna, in ya je kuma ya je da niyyar wa'azantuwa. Tashar Madina da ta Buwair da kuka ce, waɗannan babu komai. Allah yasa mu dace.

Abban_Hanifa

Jazakallahu khairan Malam Abu Huzaifa, gaskiya abokin nawa ya tuna mana hadisin tun a mota, uwargida ma ƙin sauka tayi, bamu daɗe ba. Malam Sidi Allah ya ƙara ilimi, wlh kamar ina aji. Na faɗa wa Hanifa, tace to Abba ashe ƙarya ka min, kun ji 'ya'yan yanzu. Amma yanzu kun bar ni da wata sabuwa, in ba wannan bane to wane jirgin tsohon ya hau? Don baffana har kwaikwayon kukan jirgin yake mana yadda mahaifinsu yake yi.

Wad_Maiwurno

Salamu alekum ya jama'a, Hausata ta Sudan ce ku yi haƙuri da ita. Ya Hajj, jirgin kakanka namu ne, ko shakka bana yi. Ni a Mai Wurno aka haife ni, kusa da Sinnar a bakin kogin Nilu, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi da Turawa 1903. Irin su kakanka mun taso mun tarar da labarinsu a kowane gida, wasu ma basu koma ba sune kakannin maƙwabtanmu.

Hanyar ita ce daga Kano a bi Maiduguri, a shiga Fort Lami wato Injamena ta yanzu, Abeshe, a tsallaka Junaina, Fashir, har Ubayyid. Wannan duk a ƙafa ne ko jaki ko raƙumi, bayan yaƙin Hitila kuma manyan motoci sun fara yawa ga mai kuɗin mota. A Ubayyid ake fara ganin dogo, tun 1912 ya iso can, Niyala kuwa sai 1959 don haka kakanka bai same shi a Darfur ba. Daga Ubayyid jirgi zai kawo ka Kosti ka haye gadar Farin Nilu, sai Sinnar. Daga nan ko ka yi arewa ta Madani da Khartum da Atbara, ko ka yi gabas ta Gadarif da Kasala, duka biyun a Haiya suke haɗuwa su gangara bakin Bahar Maliya. Kwana da kwanakin sahara da yake faɗa to wannan ne, musamman daga Atbara zuwa teku, babu komai sai rairayi da duwatsu. Ƙarshe Sawakin, anan ake tsare alhazai a duba lafiyarsu a yi musu lamba kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Shekara bakwai ɗin ma ba abin mamaki bane. Mutum zai fito da guzirin wata biyu, ya ƙare a Chadi, ya tsaya yayi noma damina ɗaya, ya matsa gaba, in ya iso Jazira ya shiga cirar auduga shekara biyu uku yana tara kuɗin tikiti da na jirgin ruwa, a dawowa ma haka. Gonakin audugar Jazira tun da aka buɗe su 1925 hannun mutanenmu ya yi aiki a cikinsu ba kaɗan ba.

In tsofaffin tashoshi kake son gani wallahi muna dasu har sun yi yawa. Ta Kasala na ganta da idona kafin wannan yaƙin da ya tarwatsa mu 2023, gini mai kyau na jan bulo, taragai a tsaye awaki na kwana a ƙarƙashi. Sawakin kanta kufai ce, gidajen dutsen teku duk sun rushe tun da Ingilishi suka maida tashar ruwa Bur Sudan. Har wani layin Ingilishi suka fara daga Sawakin 1885 lokacin yaƙi da mutanen Mahadi, zasu kai shi Barbar, basu yi mil ashirin cikakku ba Usman Digna kwamandan Mahadi ya hana su sakat suka tattara suka bari. Ni yanzu ina Jidda, Allah ya kawo mana zaman lafiya mu koma, in ka zo ni zan zagaya da kai.

Bajasshe_Asali

Amin ya Allah ɗan uwa na Sudan. Ni dariya nake tun ɗazu, Alhaji ya biya kuɗin jirgi ya tsallaka teku ya je yana mamakin mataccen dogo, alhali ga namu nan a bayan gida. Wa ya san an taɓa yin jirgin da yake tashi daga Zariya kai tsaye zuwa Jos? Ƙaramin jirgin Bauchi, duk da sunan bai taɓa zuwa garin Bauchi ba, kamar dai naku da bai je Makka ba. Saboda kuza Turawa suka yi shi, kafin nan a ka ake ɗaukar kuza daga tudun Jos har Loko bakin Binuwai. An fara 1911, ya iso Bukuru 1914, yana bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre ya hau dutse. Faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne, ɗan siriri, kakata tana cewa in ya zo hawa yana nishi mutum zai iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya same shi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa, 1957 aka rufe shi. Kawunansa suna nan ajiye a gidan tarihi na Jos wajen gidan zu, muna yara mun sha hawa kai muna wasan direba bamu san ko menene ba.

Bambancin kawai shine su can busasshiyar ƙasa da waya sun tsare musu nasu. Da a nan ne wannan kan jirgin na Buwair yake zaune a daji ba mai gadi, wlh da tuni 'yan gwangwan sun yanka shi sun ɗora a sikeli, mu da wanda jirgi ke bi ma ba a bari ba.

Maman_Sultan

Lah ashe abinda muka gani a Jodan kenan. Bara mun raka maigida wani taro Amman muka ƙara kwana uku, a cikin garin akwai tsohuwar tashar da ɗan gidan tarihi, da wata gada ta dutse mai baka goma hawa biyu, kyakkyawa wlh. Sannan a Wadi Rum an kaimu wata tasha cikin jan rairayi ga jirgi mai hayaƙi da tutar Turkiyya, yaran suka hau suka yi ta hoto, mai yi mana jagora yace wai irin wanda Lawrence ya fasa ne. Malam Sidi haka ne?

Malam_Sidi_Tarihi

Hajiya tashar Amman da gadar nan na asali ne, tun zamanin Abdulhamid. Na Wadi Rum kuwa an ɗan sha ku. Layin Hijaz na asali bai bi ta Wadi Rum ba, daga Ma'an kudu ya miƙe zuwa Mudawwara ya shiga Tabuka. Reshen da kuka gani an buɗe shi 1975 don kai fosfat, sinadarin takin zamani, zuwa tashar ruwa ta Aƙaba, kan jirgin kuma ƙirar Japan ne na bayan yaƙin duniya na biyu, ana ajiye shi ne don 'yan yawon buɗe ido. Mai son ganin wanda aka kifar da gaske yana kwance a gefensa sai Hadiyya, tsakanin Madina da Al-Ula, amma sai da mota mai ƙarfi da wanda ya san daji, kar wani ya ɗau ƙaramar motar haya ya ce zai gwada.

Wani ɗan abu da na manta, faɗin layin Hijaz milimita 1,050 ne, namu na Najeriya tsoho da na Sudan 1,067. Tazarar bata kai faɗin ɗan yatsa ba amma jirgin wannan ba zai hau na wancan ba.

Ɗan uwa na Mai Wurno ya gama magana akan kakanka Alhaji, ban da abin ƙarawa.

Dan_Maradi227

Ku naku ai sun yi aiki kafin su mutu. Ku zo Nijar ku ga wanda aka haifa ba rai. Daga Yamai zuwa Dosso kilomita wajen 140 an shimfiɗa dogo, an gina tasha an yi buki 2014, an sake wani bukin 2016, har yau ba wanda ya sai tikiti ya hau yaje ganin dangi. In kana bin hanyar Dosso kana ganinshi gefen titi rairai na rufe shi. Mu dai yanzu na Kano zuwa Maraɗi muke zuba ma ido.

Abban_Hanifa

Kai jama'a na gode ƙwarai. Ɗazu bayan isha'i na kira baffana na karanta masa abinda Wad_Maiwurno ya rubuta, ina zuwa Kosti ya katse ni yace ƙwarai Kosti, Kosti, tsoho yana yawan faɗin sunan nan, wai anan ya yi dako a bakin ruwa kusan shekara. Yace akwai ma wata tsohuwar takarda mai hatimi da rubutun Larabci da Turanci a cikin adakar marigayiya kakarmu, ranar Juma'a in Allah ya kaimu zanje gida in sa a buɗe. Ɗan uwa Wad_Maiwurno in na ɗauko hotonta zaka iya duba min ko ta Sawakin ce? Ka leƙa akwatin saƙonka na turo maka magana.